Malami mai kan kasuwanci a jami'a: yaya ake gane shi, kuma yaya sashe zai riƙe abin da ya koyo?

Ummu Hafsa, Ikorodu

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin jami'a ciki da bai. Wani sashe ne a ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati na nan Legas yake shirin kafa kwamitin mutum biyar, an kuma ɗora wa kwamitin aiki biyu. Na farko ya zaƙulo malaman da ke da kan kasuwanci, wato masu iya juya bincike ya zama kaya ko aikin da wani zai ciro kuɗi ya biya. Na biyu ya kawo tsarin da zai sa abin da malami ɗaya ya koyo a irin wannan aiki ya zama na sashe, kada ranar da ya yi ritaya ko ya samu aiki a waje ya kwashe komai a kansa ya tafi. Tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar CCMAS a Disambar 2022, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, kowa maganar ƙirƙira da dogaro da kai yake yi, ga shi kuma kuɗin gudanar da sashe ba sa kaiwa ko'ina.

Abin da aka fi karkata gare shi yanzu shi ne a raba wa malaman takardar tambayoyi, kowa ya auna kansa daga 1 zuwa 5, sai a ɗauki masu maki sama. Malaman sashen ba su wuce 25 ba. Shin wannan hanyar za ta fitar da gaskiya? Waɗanne halaye ne ya kamata a duba? Doka ta yarda malamin jami'ar gwamnati ya shiga kasuwanci kuwa? Kuma me ake yi a aikace har a ce sashe yana koyo? Allah ya saka da alheri.

Baban Zainab, Ojo

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku fara da takardar tambayoyin nan. Takardar da ta fito daga ofishin shugaban sashe, ba malamin da zai cike ta ya ce shi ba ya son sabon abu ko yana tsoron kasada, musamman da yake ya san hannun da ya miƙo masa ita shi ne ke sa hannu a fom ɗin APER, wato na auna aikin ma'aikaci a ƙarshen shekara. Za ku tattara takardu 25 ku tarar kusan kowa 4 da 5 ya ba kansa, kuma mutum 25 sun yi kaɗan a gina wani lissafi a kansu.

Halayen da ake magana a kansu sanannu ne. Danny Miller a 1983 ya kawo uku: ƙirƙira, yin gaba kafin a tura mutum, da ɗaukar kasada. Lumpkin da Dess a 1996 suka ƙara biyu, cin gashin kai da zafin gasa. Sai dai a lura, don kamfanoni aka fara tsara su, daga baya ne aka janyo su kan ɗaiɗaikun mutane. Shi ya sa tambaya kamar "kana shirye ka zuba jari mai yawa a abin da ba ka da tabbas?" ba ta dace da malami ba. Kasadar malamin jami'a ba a kuɗi take ba, a lokaci take. Wanda ya ba da shekara ɗaya wajen gyara wata na'ura maimakon rubuta maƙala biyu, shekarun nan uku da ake jira tsakanin matsayi da matsayi ya sa a caca.

Ku bi sawu maimakon ku bi baki. Ku ɗauki shekara uku da suka wuce ku duba takardun da ke cikin sashe. Wa ya tura buƙatar tallafin bincike, ko ta IBR (na matakin jami'a) ko ta NRF (na matakin ƙasa), duka na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund? Ba wanda ya samu kawai ba, wanda ya tura. Wa aka ƙi tasa ya gyara ya sake turawa? Wannan na biyun ya fi gaya muku hali fiye da tambaya goma. Wa yake zuwa duba ɗaliban da ke koyon aiki (SIWES) a masana'antun Ikeja, Ilupeju da Ogba ya dawo da wata matsala da injiniyan wurin ya faɗa masa, wa kuma yake tsayawa a bakin ƙofa ya sa hannu a littafin ɗalibi ya juya? Ku buɗe jerin batutuwan firojet na 'yan ajin ƙarshe: akwai malamin da batutuwansa ba su canja ba tun shekara biyar, akwai wanda kowace shekara nasa daga kasuwa ko masana'anta suke fitowa. Wa ya taɓa aiki da wani sashe dabam? Duk wannan kwamiti zai iya haɗa shi cikin mako biyu ba tare da ya tambayi kowa ra'ayinsa game da kansa ba.

Sannan ku raba tsakanin kan kasuwanci da buga-buga. Malamin da yake koyarwa ta wucin gadi a makarantu uku, ko yake da shagon POS a unguwa, ko yake matsa wa ɗalibai su sayi handawut, neman na cefane yake, kuma da albashin nan da kuɗin haya a Legas ba wanda zai yi mamakin na farko da na biyu. Amma ba abin da sashe zai koya daga gare su. Wanda kuke nema shi ne wanda iliminsa na fanni ne jarinsa.

Ga yadda bambancin yake a aikace. A ce malamai biyu a fannin kimiyyar abinci sun ga tumatirin da yake ruɓewa a kasuwar Mile 12. Na farko ya koma ɗakin gwaji ya ƙera na'urar busarwa mai aiki da rana, ya auna, ya rubuta maƙala. Na biyu ya fara zuwa kasuwar da asuba lokacin da ake sauke kaya, ya zauna da dillalai, ya ga yadda ake jibga kwando kan kwando a mota tun daga Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000, na ƙasa ya matse ruwansa yana bin ƙasan mota. Sai ya yi lissafi kafin ya sayi ƙarfe ko ɗaya. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne. Kilo 100 na ɗanye kilo 6 ne kawai ainihin namansa, idan an busar har danshi ya sauka kashi 10 abin da zai rage bai kai kilo 7 ba. Wato kilo ɗaya na busasshe sai ya ci kusan kilo 15 na ɗanye, a farashin Legas, bayan an riga an biya kuɗin mota. Ga iskar Legas mai danshi, rana kaɗai ba ta busar da shi da sauri kafin ya yi funfuna, sai an haɗa da gas ko lantarki a riƙe zafi wajen digiri 60. A gefe guda kuma busasshen kauɗa yana zuwa daga Arewa inda iskar hunturu ke yin aikin kyauta. Wannan malamin zai gane tun kafin ya kashe sisi cewa busarwa a Legas ba za ta biya ba, matsalar a marufi da jigila take. Daga nan zai koma kan akwatin roba mai ɗaukar kusan kilo 25, ya kuma ci karo da tambayar da ta fi wuya: wa zai biya kuɗin mayar da akwatunan Arewa babu komai a ciki, kuma wa zai ɗauki asarar waɗanda suka ɓace? Na farko zai samu maki a ƙarin girma. Na biyu mai yiwuwa bai samu komai ba a bana, amma shi kwamitinku yake nema.

Lauya, Obalende

Malam Baban Zainab ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni bangaren doka zan taɓa, domin nan ne mutane suke faɗawa rami da kyakkyawar niyya.

Kundin tsarin mulki na 1999, Jadawali na Biyar, Kashi na I, sakin layi na 2, ya hana ma'aikacin gwamnati mai cikakken aiki shiga gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Kashi na II na jadawalin ya lissafa waɗanda ake nufi, kuma ma'aikatan jami'o'in da gwamnatin tarayya ko ta jiha ta mallaka suna ciki. Saboda haka kada kwamiti ya rubuta a rahotonsa cewa malamai su je hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kowa ya buɗe kamfani ya zama manajan darakta. Dokar kamfanoni, CAMA, ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani, gaskiya ne, amma ba ta ɗage wancan hanin ba. Hanyoyin da aka saba bi uku ne: aikin ya bi ta kamfanin ba da shawara na jami'ar, ko jami'a ta ba wani kamfani lasisin amfani da abin da aka ƙirƙira malami ya riƙa samun kasonsa, ko malami ya riƙe hannun jari wani dabam ya riƙe gudanarwa. Ko wacce za a bi, a nemi amsar sashen shari'a na jami'ar a rubuce. Izinin baki daga shugaban sashe ba ya kare kowa ranar da wani ya rubuta takardar ƙorafi. Malaman jami'o'i masu zaman kansu wannan hanin bai shafe su ba, sharuɗɗan takardar ɗaukarsu aiki ne ke hukunci, sai dai su kuma ba sa samun kuɗin TETFund.

Sai maganar fatent, wato takardar mallakar ƙirƙira. Dokar da ke aiki ita ce ta 1970, kuma abu huɗu a cikinta ya kamata kowane ɗan kwamiti ya haddace. Abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a cikin aikinsa, haƙƙin na wanda ya ɗauke shi aiki ne, wato jami'a, ko da yake dokar ta tanadi lada ga mai ƙirƙirar a wasu halaye. Wa'adin fatent shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda, kuma akwai kuɗin da ake biya duk shekara, in an daina biya ya faɗi. Na uku, ofishin rajista yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne. Ma'ana satifiket ɗin da aka rataye a bango ba hujja ba ce cewa ba wanda ya riga ka, Babbar Kotun Tarayya tana iya soke shi. Don haka a fara bincike a Google Patents, Espacenet ko Patentscope na WIPO, duk kyauta ne, kafin a ɓata wata shida.

Na huɗu shi ne wanda ya fi cin malamai. Abin da aka riga aka bayyana wa jama'a kafin ranar shigar da takarda ya daina zama sabo. Maƙala a mujalla, gabatarwa a taron ƙara wa juna sani, kundin digiri da aka ajiye a laburare, bidiyon da ɗalibi ya ɗora a Facebook yana murna, duk bayyanawa ce. Tsarin shi ne a cike fom ɗin sanar da ƙirƙira a ofishin IPTTO, wato ofishin jami'ar mai kula da mallakar ƙirƙira, idan akwai, ko a tuntuɓi hukumar gwamnati ta NOTAP wadda ke taimaka wa masu bincike da shigar da takardun, a samu ranar shigarwa, sannan a buga maƙala. Malamin da ƙarin girmansa ya matso yakan juya tsarin, ya buga tukuna.

Ɗalibi kuma ba ma'aikacin jami'a ba ne. Idan ɗalibin digiri na biyu ne ya yi rabin aikin, a sa hannu a yarjejeniya tun farkon firojet, a faɗi kason kowa. In an bari sai kuɗi ya fara shigowa, zumunci ne zai lalace. Kuma ba komai ke buƙatar fatent ba. Mai haɗa sabulu ko garin yaji lambar NAFDAC da rajistar tambarin kaya sun fi masa amfani, manhajar kwamfuta tana ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka, sabon irin shuka kuma yana da dokarsa ta 2021.

Ummu Hafsa, Ikorodu

Na gode ƙwarai, Malam da Barista. Maganar bugawa kafin shigar da takarda za ta shiga rahoton a shafin farko. Saura tambayata ta ƙarshe, ita ce ma ta fi damun kwamitin. Ko an gano irin malamin da Baban Zainab ya kwatanta, me sashe zai yi ya riƙe abin da ya koyo? Shugaban sashe yana canjawa duk bayan 'yan shekaru, kowa ya zo sai ya fara daga tushe.

Hajiya Akanta, Agege

'Yar'uwa, kafin maganar koyo bari in fara da kuɗi, domin yawancin darasin da sashe ya kamata ya riƙe a nan yake, kuma shi ne ba a rubutawa.

Aikin farko da malami yake samowa daga waje kusan kullum faɗuwa yake, ba don bai iya aikin ba, don bai iya yanka farashi ba. Ga misali da lambobin da na ɗauka don lissafi kawai. Kamfani ya ce a gwada masa ruwan da yake zubarwa na wata uku, malami ya ce naira miliyan 6, bai ce komai a kan haraji ba. Idan aikin na cikin waɗanda ake cajin harajin VAT, kashi 7.5 ne. Da ya rubuta "ban da VAT" takardar neman biya za ta zama 6,450,000. Da yake bai rubuta ba, kamfani zai ce yana ciki, sai kusan 419,000 ta fita daga miliyan shidan. Kamfanin zai kuma cire harajin da ake riƙewa tun daga tushe kafin ya tura kuɗin. Jami'a za ta ɗauki kasonta, a ce kashi 20, ku duba naku a takardar dokokin kamfanin ba da shawara domin kowace jami'a da nata. Sai sinadarai, waɗanda farashinsu ke bin dala, wanda aka tambayo a Ojota a watan Maris ba shi za a tarar a Yuni ba. Sai dizal: janareta mai kVA 20 yana shan lita 3 zuwa 5 a awa gwargwadon nauyin da ke kansa, gwajin da ke buƙatar firji ko tanda ta kwana a kunne sai a ninka. Sai motar ɗauko samfur a cunkoson Apapa ko Ikorodu, da ɗan abin da za a ba ɗalibai da ma'aikacin ɗakin gwaji. Malami ya tashi da abin da bai kai wahalarsa ba, ya yi shiru don kunya, shekara mai zuwa abokin aikinsa ya maimaita kuskuren daidai wa daida.

Matsala ta biyu jinkiri. A jami'o'in tarayya kuɗin shiga asusun bai ɗaya na gwamnati, TSA, yake zuwa, sayen kaya kuma yana ƙarƙashin dokar sayayya ta 2007. Kamfani yana son sakamako cikin mako shida, takardar neman kuɗin sinadari tana iya cin mako shidan tana yawo daga tebur zuwa tebur. Wanda kuma bai kawo rasitan kuɗin da aka ba shi a baya ba, ofishin bursa ba zai sake ba shi wani ba, ko da sabon aikin na gaggawa ne. Maganin shi ne a yi aikin takarda kafin abokin ciniki ya zo: jadawalin farashin kowane gwaji da aka amince da shi, a riƙa sabunta shi duk wata shida, samfurin yarjejeniya da sashen shari'a ya riga ya duba, sharaɗin a biya rabi kafin a fara, da sharaɗin cewa farashin da aka bayar na kwana 30 ne.

To, riƙe darasi. Abu mai sauƙi ne, yinsa a kai a kai ne wuya. Duk aikin da ya ƙare, ko buƙatar tallafin da aka ƙi, cikin mako biyu mai aikin ya cike shafi ɗaya tak. Me aka yi niyya, me ya faru, nawa aka kiyasta nawa aka kashe, kwana nawa kowace takarda ta yi a kowane ofis, wa aka yi hulɗa da shi a kamfanin da muƙaminsa, me za a canja. Idan ya wuce shafi ɗaya ba mai cikewa. Idan masu tantancewa sun aiko da dalilan ƙin buƙata, a liƙa kwafin a baya. Malamai suna ɓoye waɗannan a durowa, alhali su ne suka fi komai amfani ga na baya.

A ware minti 20 a kowane taron sashe don karanta ɗaya, a sa shi a tsayayyen ajanda yadda sabon shugaba zai tarar da shi a wurin. Kwafi ɗaya a fayil na takarda wurin sakataren sashe, domin shi ne ba ya canjawa, ɗaya a ma'ajiyar intanet da aka buɗe da imel na sashe, ba na wani malami ba, kuma mutum biyu su san kalmar sirrin. Kada ku dogara da guruf ɗin WhatsApp. Waya ɗaya ta faɗi a cikin danfo, tarihin shekara uku ya tafi.

Tsohon Malami, Idi-Araba

'Yata Ummu Hafsa, 'yan'uwanki sun ba ki abin aiki. Akwai wurin da ban bi Baban Zainab ba, zan zo kansa.

Fayil ɗin da Hajiya ta kwatanta yana da kyau, amma shi kaɗai gyaran kuskure yake koya wa sashe. Argyris da Schön tun 1978 suka raba koyon ma'aikata, wato yadda wurin aiki gaba ɗaya yake koyo, gida biyu: wanda ake gyara aiki a bar ƙa'idar da ta haifi kuskuren, da wanda ake komawa a tuhumi ƙa'idar kanta. An ƙi buƙatun tallafi guda huɗu, sai sashe ya shirya bita kan rubuta buƙata. Wannan na farko ne. Na biyu shi ne a tambaya, me ya sa ƙananan malamai, waɗanda su ne ke da ƙarfin zirga-zirga, su ne aka ɗora wa manyan azuzuwan 'yan shekarar farko da haɗa sakamako da jadawalin jarrabawa? Yaushe za su je Oshodi ko Ikeja? Idan kwamiti bai taɓa rabon kwasa-kwasai ba, rahotonsa ado ne. Shawara mai yiwuwa ita ce duk wanda ya kawo aikin da aka sa wa hannu a rage masa kwas ɗaya a wannan zangon, a rubuta a bayanan taro wa zai ɗauka.

Sai ƙa'idar ƙarin girma, wadda ba a hannun sashe take ba, amma sashe yana iya kai takarda tsangaya ta wuce majalisar jami'a. Ku karanta taku da kyau. A wurare da yawa maƙalar da mutum ya rubuta shi kaɗai ta fi wadda aka haɗu aka rubuta maki, to don me zai jawo wani cikin aikinsa? Rahoton da aka yi wa kamfani, wanda yarjejeniya ta hana bugawa, sau da yawa ba shi da gurbi sam, kuma masu tantancewa na waje da ake aika wa takardun mai neman zama farfesa abin da aka buga suke gani. Inda aka ba fatent maki kuma, tunda Barista ya ce ba a binciken sabunta, sai a samu satifiket da yawa ba ko ɗaya da wani ya saya. Ku nemi a bambanta makin fatent da aka yi wa rajista da wanda aka ba da lasisinsa.

Inda na saɓa da Baban Zainab shi ne zaɓen mutane. Ranar da kwamiti ya fitar da sunaye biyar ya ce waɗannan ne masu kan kasuwanci, ya yi wa sauran ashirin laƙabi ke nan, kuma su ne za su zauna a taron da za a amince da rage wa biyar ɗin kwas. Ku yi binciken sawun, amma kada ku liƙa sakamakon a allo. Ku yi amfani da shi wajen haɗa mutane. Mai iya shiga kasuwa ya yi magana da dillali yawanci ba shi da haƙurin awo da rubutu, mai haƙurin awo kuma ba ya son fita. Kowane aiki a sa mutum uku: babba, ƙarami, da ma'aikacin ɗakin gwaji. Wannan na ukun ana mantawa da shi, alhali shi ya san wace na'ura ce ke ba da karatun ƙarya idan wuta ta yi ƙasa, da wanda ke gyara ta a Ikko ba sai an jira injiniya daga waje ba. Irin wannan sani ba ya shiga shafi ɗaya, sai an tsaya kusa da mai shi ana kallon hannunsa. Shekara biyu kafin ya yi ritaya a haɗa shi da wanda zai gaje shi.

Abu biyu a taƙaice. Hutun shekara na bincike ba dole a yi shi a wata jami'a ana koyar da kwas ɗin da aka baro ba. Idan dokokinku sun yarda, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, FIIRO, tana nan Oshodi tun 1956, ga masana'antu, kuma a sa sharaɗin wanda ya dawo ya gabatar wa sashe abin da ya gani. Sannan kowace yarjejeniya da kamfani ta faɗi abin da zai faru idan aka rufe makaranta. Yajin aikin 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba ya kai, wata takwas, kuma kamfanin da aka bar wa aiki a rataye ba ya dawowa.

Baban Zainab, Ojo

Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyaran maganar sunaye. Binciken sawun ya tsaya a hannun kwamiti.

Hajiya Ummu Hafsa, idan shugaban sashe ya dage sai an raba takarda, to ku juya ta: maimakon malami ya auna kansa, ya auna sashen. Akwai ma'aunin Watkins da Marsick mai suna DLOQ, yana duba fuska bakwai na koyon ma'aikata, gajerensa tambaya 21 ne, uku ga kowace fuska. Ba suna, ba matsayi, domin a sashe mai farfesa biyu rubuta matsayi daidai yake da rubuta suna. A jefa a akwati a ofishin sakatare, ma'aikatan ɗakin gwaji su ma su cike. Kada ku tsaya kan matsakaicin maki kawai, ku duba tambayar da amsoshi suka rabu biyu, wasu 1 wasu 5, nan ne manya da ƙanana suke zaune a sashe biyu dabam ba su sani ba.

Idan kuma wani a cikinku yana son ya mayar da abin binciken da za a buga, kan alaƙar halayen kasuwanci da koyon ma'aikata, sashe ɗaya ba zai isa ba. Hali na mutum ne, koyo na sashe ne, don haka ana buƙatar sassa da yawa, a kuma nuna cewa amsoshin 'yan sashe ɗaya sun yi kusa da juna kafin a haɗe su. A gwada takardar a kan mutum 30 da ba sa cikin waɗanda za a yi binciken a kansu, a ga alfa na Cronbach, ma'aunin jituwar tambayoyi da juna, ya kai 0.7. Kada mutum ɗaya ya amsa ɓangarorin biyu a zama ɗaya, domin wanda yake jin daɗin wurin aikinsa komai sama zai ba shi, alaƙar ta kumbura. A raba su da mako uku ko huɗu, a haɗa takardun da lambar sirri da mai amsa ya zaɓa da kansa. Ko an samu alaƙa mai ƙarfi ba ta faɗi wanne ya haifi wanne ba, sai an dawo an sake aunawa bayan shekara, a kuma ɗora da abin da ake iya ƙirgawa daga fayil: buƙatun da aka tura, waɗanda aka sake turawa, da yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu.